Cif, Dala da Batir: Abin da na Gano Bayan Kwamfuta ta Gagare Ni

Duk wanda ya kai ajin ƙarshe a makarantar nan ya san akwai ranar da aron kwamfuta ke ƙarewa. Ni tun ina ND ɗaya nake lallaɓawa da ta abokin ɗakina, in ya yi barci in ɗauka, in ya farka in mayar. Da muka shiga HND biyu aka raba mu ga malaman da za su duba furojet, shi ma nasa aikin ya taso, sai na ga aro ba zai fisshe ni ba. Na haɗa ɗan abin da na tara a shekarar koyon aiki, da alawus ɗin NELFUND na 'yan watanni, da kuɗin tunkiyar da Inna ta sayar ta ce in ƙara. Duka suka tashi naira 180,000. Na hau kabu-kabu daga Farfaru zuwa Bello Way ina jin kaina kamar wani attajiri.

Shagon farko da na shiga na nuna wata 'yar Landan mai kyau, na tambayi kuɗinta. Mai shagon ya ce 290,000. Na ce, "Haba Alhaji, ai yayana ya sayi irin wagga a 2019 bai kai dubu tamanin ba."

Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, waccan duniya ta wuce. Dala ta hau, kuma can inda aka yin su an ce cif ya yi wuya. Mu ma hakanan munka sawo ta. Kuɗɗin ga naka sai dai in ba ka waccan." Ya nuna min wata babba mai nauyi, an manna mata takardar Core i7.

Ban saya ba, na dawo hostel jiki a sanyaye. Amma maganarsa ta tsaya min a rai. Shekara huɗu ina karanta injiniyan lantarki, na zana transisto a takardar jarabawa ba adadi, amma ga ɗan kasuwa yana faɗa min cif ya yi wuya ban iya ce masa e ko a'a ba. Shi ya sa na zauna na bi diddigin maganar. Abin da na gano ya wuce kwamfuta, ya shafi garejin kawuna, ya shafi ɗan kabu-kabun da ya kai ni kasuwa, ya kuma shafi takardar da muke wahalar nema a nan.

Mene ne cif?

In ka taɓa tsayawa wurin mai gyaran waya ka ji ya ce "ayisi ɗin caji ne ya ƙone", to cif yake nufi. Ɗan baƙin abu ne mai ƙafafu ko ɗigo-ɗigon dalma a ƙasansa, wani bai kai farcen ɗan yatsa ba. A cikinsa akwai transisto, wato ɗan makunni da ke barin wuta ta wuce ko ya tare ta. Makunnin da ke bangon ɗakinka hannu ke taɓa shi, wannan kuwa wutar lantarki ce da kanta ke kunna shi tana kashewa, sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Kunnawa da kashewar nan su ne 1 da 0 da malaman kwamfuta ke ta nanata mana. Hoto, murya, sakamakon jarabawa, kuɗin da ke cikin OPay ɗinka, duk da su aka rubuta.

An ƙirƙiro transisto a 1947 a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka. A 1958 wani injiniya mai suna Jack Kilby ya haɗa sassa da yawa a kan ɓallin abu guda, daga nan cif ya samo asali. Yau abin ya kai inda cif ɗin M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 ke ɗauke da transisto biliyan 16.

Abin mamaki, asalinsa yashi ne. Daga yashi mai ƙyalli ake tace sinadarin silikon, a narka shi a mulmula kamar taɓarya, a yayyanka faifai-faifai masu faɗin milimita 300. Sai a riƙa haska zanen da'irar wuta a kan faifan da wani haske na musamman, a wanke, a shafa wani sinadari, a sake haskawa, hawa bisa hawa. Faifai ɗaya yakan yi kamar wata uku yana bin matakai ɗaruruwa kafin ya fito.

Abubuwa uku ne masana'antar cif ba ta haƙuri da su. Na farko ƙura: ƙwaya ɗaya ta ƙurar da muke shaƙa lokacin hunturu ta isa ta lalata cif, don haka ma'aikata ke shiga a lulluɓe tun daga kai har ƙafa. Na biyu ruwa, tataccen gaske kuma mai yawa. Na uku wuta wadda ko ƙiftawa ba ta yi, don in ta ɗauke na ɗan lokaci kayan da ke kan layi sun tashi aiki. Gina irin wannan masana'anta ta zamani yana cin sama da dala biliyan 10 da shekaru biyu zuwa uku. Ka ga ba abin da za a ce yau kasuwa ta buɗe, gobe a ƙara injin ba ne.

Saboda wannan tsada, kamfanoni kaɗan ne suka rage a fagen. TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ke ƙera fiye da rabin cif ɗin da kamfanonin duniya ke bayar da kwangilarsa, kuma kusan duk mafi ƙanƙanta na zamani daga wurinsa suke fitowa. Sai Samsung na Koriya ta Kudu da Intel na Amurka. Injin da ke haska zane mafi ƙanƙanta kuwa kamfani ɗaya tal ke ƙera shi a duniya, ASML na ƙasar Holan, kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 100. Kamar a ce duk garin Sakkwato rijiya uku gare shi, kuma mai guga mutum ɗaya ne.

Yadda rijiyar ta ƙafe

Ruwa ba ya tsami banza. Da cutar korona ta rufe duniya a farkon 2020, kamfanonin mota suka ɗauka ba mai sayen mota, suka soke odar cif ɗinsu. A daidai lokacin aka tura ma'aikata da ɗalibai gida, kowa na neman kwamfuta da waya da na'urar intanet. Masu ƙera cif suka ba waɗannan gurbin da masu mota suka bari. Kafin ƙarshen shekara kasuwar mota ta farfaɗo, suka dawo suka tarar layi ya yi nisa. Ga kuma takunkumin da Amurka ta sa ma Huawei da wasu kamfanonin China, wanda ya sa kowa ya shiga saye yana ɓoyewa, kamar yadda ake yi da gero in an ji damina za ta yi gardama.

Sai 2021 ta zo da nata. A watan Fabrairu wani matsanancin sanyi ya katse wuta a jihar Texas ta Amurka, masana'antun Samsung da NXP da Infineon da ke birnin Austin suka tsaya. A watan Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Japan, ɗaya daga cikin manyan masu yi ma motoci cif. A shekarar ce kuma Taiwan ta yi farin da ta fi shekara 50 ba ta ga irinsa ba, har aka riƙa kai ma masana'antu ruwa da tanka, aka hana wasu manoma ban ruwa. Masu wasan gem za su tuna yadda PlayStation 5 ta yi wuyar samu tun fitowarta a Nuwamba 2020. A Amurka an ajiye dubban sababbin motoci a fili, an gama komai nasu, cif kawai ake jira. Kamfanin bincike na AlixPartners ya ƙiyasta cewa masu ƙera mota sun yi asarar cinikin dala biliyan 210 a 2021 kaɗai.

Abin ya girgiza manyan ƙasashe. A watan Agusta 2022 Amurka ta kafa dokar da ta ware kimanin dala biliyan 52 don a dawo da ƙera cif gida. Tarayyar Turai da Japan da Indiya su ma suka fito da nasu shirin. Zuwa 2023 wancan ƙaranci ya lafa.

To in ya lafa, me Alhajin Bello Way ke nufi? Nan ne na gane ba ƙarya ya yi min ba, wani sabon ƙaranci ne ya taso. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 manyan kamfanoni ke tseren gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, kuma injinan da ke ciki suna shan wani nau'in RAM mai tsada. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar RAM a duniya: Samsung, SK Hynix da Micron. Da suka ga inda riba take, sai suka karkata can, suka fara janye hannu daga tsohon nau'in DDR4. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo, har Micron ya sanar a watan Disamba cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial ga masu saye ɗai-ɗai. DDR4 ɗin nan kuwa shi ne a cikin yawancin kwamfutocin hannu da muke iya saye. Wato manhajar da wasunmu ke tambaya ta taya su aikin gida, ita ce ke ƙara ma kwamfutarsu kuɗi.

Amma a faɗi gaskiya, dala ta fi cif laifi

Ba na son in bar ku da tunanin cewa duk tsadar nan daga Taiwan ta taso. Mu yi lissafi. A farkon 2020 dala ɗaya tana wajen naira 360 a kasuwa. A watan Yuni 2023 gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, zuwa Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500. Kwamfutar da ake sawo wa dala 200 a waje, da can naira 72,000 ce, daga baya ta koma 300,000, ko da cif bai ƙara ko sisi ba. Sai ka ɗora kuɗin kwastan, da kuɗin motar da za ta ɗauko ta daga Legas ko Kano bayan an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, da kuɗin man janareton mai shago.

Saboda haka in ka ji an ce "cif ya yi wuya", gaskiya ne, amma rabin labari ne. Ƙarancin cif yana zuwa ya wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne duk abin da ke da cif a ciki da dala muke sayensa, alhali da naira iyayenmu ke sayar da albasa da tunkiya.

Abin da kawu ya faɗa min

Ina da kawu makanike a Buzaye, ya fi shekara talatin yana kwance inji yana ɗaurawa. Na je gaishe shi na tarar da wata mota ta kwana huɗu a gabansa. Na ce, "Kawu, mi ya same ta?"

Ya ce, "Ɗana, injin ga lahiya lau shike. Birenbos na ya mutu. Da can in mota ta ƙi tashi kunne nika sa wa in ji ciwonta. Yanzu sai an kira wani yaro ya taho da kwamhuta ya jona, a biya shi, kannan ya hwaɗa min abin da za ni kwancewa. Ku da kuka karatun ga, ku aka jira."

Birenbos ɗin da yake faɗa ba komai ba ne illa akwatin cif da ke auna iska da mai da lokacin tartsatsin fulogi. Motar zamani tana ɗauke da cif sama da dubu, daga birki zuwa gilashin ƙofa, motar lantarki kuma ta fi haka nesa. Ma'ana, sana'ar kawu tana sulalewa daga hannun mai sifana zuwa hannun mai mita da kwamfuta. Yaron da ake kira ya jona na'ura, ba digiri gare shi ba, karambani ne ya koya masa. Mu da muke da ɗakin gwaji da malamai, ina muke?

Motar lantarki ba baƙuwar Sakkwato ba ce

Da yawa cikinmu ba su san cewa tashar cajin motar lantarki mai aiki da hasken rana ta farko a Najeriya a garin nan aka buɗe ta ba. A watan Afrilu 2021 hukumar NADDC, mai kula da tsarawa da bunƙasa ƙera motoci, ta ƙaddamar da ita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kafin ta buɗe irinta a jami'ar Legas da ta Nsukka. Ba banza aka zaɓi Sakkwato ba. Rana dai ba sai an ba mu labarinta ba, kuma jami'ar tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana tun shekarun 1980.

Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar nan, wanda ya riƙe ta daga 2017 zuwa 2023. Ga abin da nake so kowane ɗan poli ya riƙe: Jelani ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, sannan ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Daga nan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya karanta zanen mota, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna ma duniya a 2007, motar da ke tafiya da batir, in ya yi ƙasa ƙaramin injin fetur ya tallafa. Duk ranar da wani ya ce maka takardar poli ba ta kai ko'ina, ka ba shi wannan labari.

A zamaninsa ne kuma aka fito da Hyundai Kona mai lantarki wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas a 2020. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire ma ƙananan bas injin fetur yana sa masu batir da faifan sola. A duniya kuwa, an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a 2024, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, mafi yawansu a China. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024. Najeriya ma ta cire ma motocin lantarki harajin VAT a watan Oktoba na shekarar.

Yadda take aiki ba wuya. Batir ke riƙe wuta, inbata ta juya ta, mota mai naɗin waya irin ta fanka ta juya taya. Babu fulogi, babu juyen baƙin mai, babu salansa. Akwai kuma wani allon cif da ke gadin batir, yana auna zafi da cajin kowane ɗan ƙwaya don kada ya kama wuta.

Mu yi lissafin Sakkwato

Batirin Kona babba yana ɗaukar yunit 64 na wuta, irin yunit ɗin da muke saye a mita, kuma yana kai ta sama da kilomita 400. In aka yi lissafi da naira 225 kan kowane yunit, farashin da aka sa ma 'yan rukunin A a watan Afrilu 2024, cika shi naira 14,400 ne. Motar fetur mai cin lita ɗaya a kilomita 10 tana buƙatar lita 40 a wannan tafiya. In lita tana naira 900, ka kashe 36,000. Ribar a fili take.

Sai dai akwai cikas uku da bai kamata mu rufe ido a kansu ba. Na farko kuɗin sayen motar, wanda ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Na biyu wuta: unguwar da ba ta samun abin da zai cika waya, ina za ta cika yunit 64? In ka ce sola, faifai ɗaya mai wat 500 yana ba da kamar yunit biyu da rabi a wuni a ranar garin nan, kenan sai ka jera wajen faifai 26 kafin ka cika ta a yini guda. Na uku zafi. Batirin litiyam ba ya son zafi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura digiri 40. Zafi na sa shi saurin tsufa. Shi ya sa nau'in da ake kira LFP ya fi dacewa da mu, don ya fi jure zafi kuma ya fi daɗewa, ko da yake ya fi nauyi.

A nawa ganin, ba ta babbar mota lantarki zai shigo Sakkwato ba, ta kabu-kabu da agwagwa zai shigo. Batirin babur bai wuce yunit uku ko huɗu ba, faifan sola biyu sun isa su cika shi a wuni. Ɗan kabu-kabu ba ya nisa, daga Dandima zuwa Mabera ne, daga Arkilla zuwa babbar kasuwa, kuma fetur ne ke cinye rabin wahalarsa. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro yana da wuraren musayar batir: ka kawo wanda ya ƙare, a ba ka cikakke, cikin 'yan mintuna ka koma aiki. A Kigali ma kamfanin Ampersand haka yake yi. Wa zai kafa irin waɗannan rumfuna a nan, ya kula da batiran, ya gyara kwantirola in ta ƙone? In ba mu koya ba, daga wani gari za a ɗauko masu yi, mu tsaya kallo da takardunmu a jaka.

Kuma kada a ce ba mu da komai a wannan harka. Dalmar da ake liƙe cif da ita mafi yawanta kuza ce, irin wadda aka shekara ana haƙa a Jos. Litiyam na batir akwai shi a Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar tace shi a watan Mayu 2024. Ba na ce gobe za mu gina irin TSMC ba, wanda bai da tsayayyar wuta ba ya wannan mafarki. Amma haɗa batir, da gyaran inbata, da rubuta ma ƙananan cif umarni, duk ba su fi ƙarfin ɗakin gwajinmu ba.

Kafin ka ba da kuɗinka

Na dawo kan kwamfuta, don na san wasu wannan suke jira. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma saura kaɗan in faɗa ramin Core i7 ɗin nan.

Kada sunan i5 ko i7 ya ruɗe ka, zamaninsa za ka duba. Lambar farko bayan ɗan layi, ko biyun farko a sababbi, ita ke faɗa: i7-4600U zamani na 4 ne, i5-8250U zamani na 8 ne, kuma na biyun ya fi na farkon ƙarfi duk da sunansa ƙarami. Wannan ya ƙara muhimmanci don Microsoft ya daina tallafa ma Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman Intel na zamani na 8 zuwa sama da wani cif na tsaro mai suna TPM 2.0. Kamfanonin Turai suna ta zubar da tsofaffin da ba su cika sharaɗin ba, kuma kun san kasuwar da suke nufa. Araha ba ta ado.

Ka nemi RAM aƙalla gig 8, ka kuma tambaya ko ana iya ƙara shi ko a liƙe yake da allo. Ka zaɓi mai SSD ko da ƙarami ne, ya fi babban hadis mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. Ka cire caja a gaban mai shago ka ga yadda batir ke sauka, ko ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa powercfg /batteryreport, zai nuna maka abin da batirin ke ɗauka da yana sabo da abin da ya rage masa. Ka shiga BIOS ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Ka gwada kowane maɓalli da kowace kafar USB da kyamara. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar, da alkawarin kwanakin gwaji a rubuce. Kuma ka tafi da wanda ya fi ka sani, ba kunya ba ce.

In kuɗinka ba su kai ba, tsohuwa ba ta zama shara ba. Sa mata SSD, ka ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, za ta yi maka rubutu da lissafi da koyon furogiramin. Sai dai ka fara tambaya a sashenku ko manhajar da za ka yi aiki da ita tana hawa, don irin su AutoCAD Windows suke so.

In ka saya kuma, ka tuna garin da kake. Kada ka ɗora ta kan katifa ta toshe mata hanyar iska. A busa mata ƙura bayan hunturu. Kada ka bar ta cikin but ɗin babur a rana. In an kawo wuta ka ɗan jira ta daidaita kafin ka jona.

Ni dai daga ƙarshe na koma kasuwa da wani abokina ɗan sashen kwamfuta. Muka samu i5 zamani na 8 mai tsagewa a murfi, batirinta ya gaji, aka bar min ita 205,000, kawu ya cika min sauran. Tana aiki, da ita na rubuta wannan. Furojet ɗina ma na canza shi, da yardar malamina: yanzu allon gadin batirin babur nake haɗawa, mai kashe caji in zafi ya yi yawa.

Ina da roƙo uku ga shugabannin ƙungiyarmu. A ware rana ɗaya kowane zango, ɗaliban lantarki da na kwamfuta su zauna su duba ma 'yan uwa na'urorinsu kyauta, su kuma raka sababbin ɗalibai kasuwa. A nemi izini a kai mu ziyara cibiyar makamashi ta jami'a mu ga tashar cajin nan da idonmu, gani ya kori ji. Sannan a yi magana da hukumar makaranta a kafa rumfar sola ta cajin kwamfuta da waya kusa da hostel, mu ɗalibai mu haɗa ta da hannunmu a matsayin furojet, yadda gobe in babur mai batir ya iso Farfaru zai tarar da wurin jonawa da kuma wanda ya san ciwonsa.

Kwamared shugaba, ga shi nan na faɗa a rubuce. Wanda ke da gyara ko ƙari, ina ɗakin gwajin lantarki kusan kullum bayan la'asar. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya sa albarka a abin da muke koyo.